Kunyar 'Yar Fari a Gaban Madam Esther

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu, ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Raina a ɓace yake, in ban amayar da abin nan ba, zai iya kwantar da ni. Wanda ya san ni ya sani, wanda bai sani ba ga ni: Safara'u ce, 'yar Malam Yahaya mai makarantar allo a Rafin Guza. Shara nake yi a wani ofishin gwamnati a Doka. E, shara, da tsintsiya da bokiti da tsumma, kuma ban ga abin sunkuyar da kai a ciki ba. Mijina Audi ya rasu shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ya bar ni da jaririya ko zama ba ta fara ba, na dawo gidanmu da ita da akwatin kayana.

Yarinyar ita ce 'yata ta fari, ita ce kuma kaɗai gare ni. Ku da kuka tashi a gida irin namu kun san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunanta. Ba na ɗaukarta a gaban manya, ba na yi mata wasa in da idon mutane. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata Inna ta kwashe 'yan rigunanta ta kai ɗakinta, shi ke nan ta zama tata. In maganarta ta kama ni dole, sai in ce “yarinyar nan” ko “waccan.” An ce kunya adon 'ya mace ce, na yarda, na bi, ban taɓa musu ba. Amma in na dawo aiki na tarar da ita a gindin murhun da Inna ke tuyar ƙosai, toka har gira, ga mai yana tsalle, wallahi sai in ji kamar in fizge ta in ruga. Sai dai in wuce ɗaki kamar ban gan ta ba.

Ƙawata Rahila ce ta fara kawo mini labarin wata cibiyar koyar da mata sana'a. Rahila 'yar wajen Kafanchan ce, ita ke haɗa wayar tarho a ofishinmu, bakinta ba ya hutawa ko layi ya huta. Ina goge teburinta ta riƙe mini tsumma.

“Ke Safara'u, har yaushe za ki yi ta bin ƙurar mutane? Ba kin gama aji bakwai ba?”

“Na gama. Sai me?”

“Sai ki je ki koyi buga tafireta. An buɗe wuri nan bayan ofishinmu, don mata masu ƙaramin albashi masu 'ya'ya. Ofis zai riƙa sakinki da rana. Ga ɗakin reno jikin ajin, ki ajiye 'yarki a ba ta madara, a yi mata awo da rigakafi, ke kina jin muryarta ta bango.”

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ni. Ina jin muryarta ta bango! Nan take na hango kaina na zama mai tafireta, na kama ɗaki nawa na kaina ko a Kawo ne, na kulle ƙofa na kira 'yata da sunanta har muryata ta dushe.

Na je, na ga shugabar wurin, Madam Esther, doguwa mai farin gilashi, ba ta da yawan dariya amma ba ta da wulaƙanci. Ta sa ni karatu na karanta, ta duba yatsuna, ta ce gurbi ɗaya ya rage kuma ta ga alamar zan iya. Sharaɗi ɗaya ne: sai ta zo gida ta ga 'yar da idonta. Ta ce an sha ta ta warke, mata sun yi ta aro 'ya'yan maƙwabta suna kawo mata, ta hana masu haƙƙi ta ba maƙaryata. Na ce bismillah, ta zo duk ranar da ta so.

To, yanzu bari in gabatar muku da Yusha'u, tunda shi ne ƙashin bayan ɓacin raina. Direba ne a ma'aikatar da ke kula da cibiyar, shi ke tuƙa Madam a Landiroba. Ya daɗe yana nemana, tun yana kawo saƙo ofishinmu. In kun gan shi sai kun sake kallo: wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, har na taɓa ce masa yana rage mini aiki, takalmi mai tudu, suma ta tashi ya soke mataji a ciki, ga turare tun daga bakin titi. Ba ya iya wuni bai bugo wa Rahila ba.

“Direbanki ya bugo,” haka za ta leƙo ta ce. “Wai a gaya wa tauraruwar Rafin Guza jiya bai runtsa ba.”

“Ki ce masa ya sha magani.”

“Ya sake bugowa. Wai ke ce maganin.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina jin daɗin abin. Bazawara mai tsintsiya a hannu a ce mata tauraruwa, ai dole zuciya ta yi sanyi. Sai da na gaya masa maganar tafireta na ga wata fuska da ban san yana da ita ba.

“Matata ba za ta zauna gaban maza tana ƙwanƙwasa ƙarfe ba,” in ji shi. “Sharar ma ajiye ta za ki yi.”

“Yarinyar nan fa?”

“Tana hannun kakarta, inda al'ada ta ajiye ta. Mu sai mu haifi namu.”

Namu. Kun ji fa. Na haɗiye, na ce a raina bari dai in samu gurbin tukuna, ma yi wannan rigimar daga baya. Har na tambaye shi ranar da Madam za ta zo gidanmu, ya yi murmushi ya ce, “Haba, ba ni ke tuƙa ta ba? Da sauran lokaci, zan sanar da ke.”

Inna kuwa tuni ta ba shi zuciyarta da hantarta. Kullum karatun ɗaya ne: miji mai aikin gwamnati, ga mota a hannu, ga ladabi, yana durƙusawa har ƙasa, me kike nema kuma, 'yar nan? Baba dai ba ya shiga, in an kai masa sai ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri ya koma kan almajiransa.

Ana nan sai Rahila ta kawo saƙo: wai ranar Asabar yayyen Yusha'u mata za su zo gaida Inna, in yi kwalliya. Na yi kuwa. Na sha kitso shuku, na sa lalle, na ɗaura atamfata mai ganyen kuka wadda ban taɓa sawa ba, na ja kwalli, na yafa farin gyale. Tsakar gida na share ta har sai da ta yi sheƙi, na shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin rumfa, Inna ta fito da kwanukan samira da ba ta bari ko ƙuda ya sauka a kansu. Dambu, fura da nono, cincin, goro fari da ja. Suka iso su biyu, babbar Hajiya Magajiya, da leshi da haƙorin Makka, tana magana tana auna ni da ido tun daga ɗankwali har ɗan yatsan ƙafa. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefe na zauna kaina a ƙasa, kamar yadda ake so.

Ba a ko gama shan fura ba na ji ƙugin Landiroba a ƙofar gida. Sai ga sallama, sai ga Madam Esther da jakarta a hannu.

Aka ba ta kujera 'yar tsugune, aka gaisa. Yarinyar tana kan cinyar Inna tana cin cincin, da 'yar rigarta ja. Madam ta dube ta ta yi murmushi, ta juyo gare ni.

“Safara'u, wannan ce 'yarki?”

Jama'a, ku sa kanku a inda nake. Ga uwata. Ga yayyen mai nemana sun zuba mini ido, Hajiya Magajiya har ta daina tauna goro. A gidanmu ko a gaban ƙanwar uwa ban taɓa amsa wannan tambaya ba, balle a gaban waɗanda ake shirin kira surukai. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

Inna ce ta karɓe, tana dariya tana shafa kan yarinyar. “Wannan? Ai autata ce. Ita Safara'u ina ta ga 'ya?”

Duk wanda ke tsakar gidan nan ya san abin da take nufi. Haka kakanni ke faɗa, haka aka faɗa a kaina ina ƙarama. Hajiya Magajiya ta gyaɗa kai ta ce, “Masha Allah, gidan tarbiyya.” Amma Madam ba dariya ta zo yi ba. Ta cire gilashinta.

“Mama, ki yi haƙuri. Safara'u, daga bakinki nake so in ji.”

Kun san abin da na yi? Abin da aka horar da ƙafafuna su yi tun kafin in san ciwon kaina. Na ja gyale na rufe fuska, na tashi sum sum na shige ɗaki. Ina jin Hajiya tana cewa, “Kai, wannan yarinya da kunya take,” kamar ta ba ni lambar yabo. Ina jin Madam ta miƙe, ta yi sallama a gajarce, takalminta na ƙwas ƙwas har zaure.

Na leƙa ta tagar da ke kallon titi. Yusha'u na jingine da mota yana taje sumarsa. Da ya ga fuskar Madam, bai tambaye ta komai ba, ya buɗe mata ƙofa, ya zagaya yana 'yar fito. A nan ne abin ya faɗo mini. Shi ya sa wa yayyensa rana. Shi ke tsara wa Madam unguwar da za a fara da wadda za a ƙare. Ashe da walakin, goro a miya. Mutumin nan ya zauna ya auna ni tsaf, ya san inda bakina ba zai buɗu ba, ya kawo matar daidai wurin. Bai yi ƙarya ba, bai zage ni ba, bai hana ni komai ba. Tarbiyyata ya ɗauka ya ɗaure ni da ita.

Baƙi na fita na fito na tsaya a kan Inna, abin da ban taɓa yi ba.

“Inna, me ya sa kika ce ba ni da 'ya?”

“Au, so kike ki buɗe baki gaban surukai ki ce 'yata ce? A yi da ni a Rafin Guza?”

“Sun san ina da ita!”

“Sani daban, faɗa daban. Ke yau kika zo duniya?”

“Gurbina fa? Matar nan ta tafi tana ganin maƙaryaciya ce ni.”

Inna ta ci gaba da haɗa kwanukanta ko a jikinta. “To sai me? Dama me za ki yi da ƙarfen Bature, ga miji Allah ya kawo? Ni ban ga asarar da aka yi ba.”

Ita ba ta gani ba. Na koma ɗaki na cire atamfar na jefar, na wanke kwallin, na zauna ina huci har aka kira magariba.

Ranar Litinin ina shiga ofis Rahila ta tare ni, fuskarta ba walwala. Ta riga ta ji komai, don ita da Madam majami'a ɗaya suke zuwa.

“Na yi mata bayani, Safara'u. Ta ce ta san da kunyar ɗan fari, ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Amma ta ce wata ma da wannan kunyar ta fake ta cuce ta bara, ta rufe fuska ta shige ɗaki, ashe ɗan yayarta ne. Gobe za ta ba wata gurbin.” Sannan ta ƙara, “Direbanki ma ya bugo. Wai a ce miki kada ki damu, komai ya yi daidai, yayyensa sun yaba.”

“Haɗa ni da shi.”

“Ke da ba ki taɓa riƙe kan waya ba?”

“Na ce haɗa ni da shi!”

Ta soka wayoyinta ta miƙo mini. Shekara da shekaru ina goge abin nan, ban taɓa kara shi a kunne ba sai ranar. Muryarsa ta fito siririya, tana dariya.

“Tauraruwa da kanta? Yau na ga ta kaina.”

“Kai ka shirya.”

“Na shirya me?”

“Ka haɗa su rana ɗaya don ka san ba zan iya magana ba.”

“Subhanallahi. Ni na riƙe miki baki? Bakinki a jikinki yake, Safara'u. Aka tambaye ki, kika gudu. Kuma wallahi kin burge ni, irin matar da nake nema ke nan.”

“Allah ya isa tsakanina da kai, Yusha'u.”

“Za ki huce,” in ji shi. “Ku mata haka kuke.”

Na miƙa wa Rahila kan wayar kafin in rotsa shi a bango a cire a albashina. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, ni kuwa na yi asarar har da riba.

Washegari da safe na yi abin da har yanzu ake maganarsa a layinmu. Inna na bakin murhu, maƙwabta sun yi layin ƙosai, Baba na zaure da ɗalibansa. Na fito na sunkuya na ɗauki yarinyar, na saɓa ta a baya, na ɗaure da zani, na ƙara majanyi. Inna ta saki matsamin ƙosai a cikin mai.

“Safara'u! Kin haukace? A gaban mutane?”

“A gabansu, Inna.”

Na ratsa zaure, Baba ya ɗago ya sauke kai. Na bi layi mata na leƙe ta katanga, wata har da tafa hannu. Ban waiwaya ba. Rabona da in ji ɗuminta a bayana tun kafin yaye. Ta yi nauyi, ƙafafunta har suna dukan cinyata, tana ta nuna mini awaki da kekuna tana surutu a wuyana. A motar Kawo zuwa Doka na zaunar da ita a cinyata, na riƙe ta gam, duk wanda ya kalle ni na kalle shi.

Cibiyar cike take da mata a baranda, kowacce da ɗa a hannu ko a baya. Ta bango kana jin tafiretoci na ta ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ta ɗaya gefen yara na waƙa. Ban bi layi ba, na tura ƙofar Madam na shiga. Na kwance goyon na tsayar da ita a gabana, na dafa kanta. Bakina ya so ya sake yin nauyi, na ce masa yau ba ka isa ba.

“Madam, 'yata ce. Ni na haife ta. Sunanta Rahmatu.”

Karo na farko ke nan da sunan ya fita daga bakina da ƙarfi. Sai da idona ya ciko.

Madam ta daɗe tana kallona. “Ranar Asabar na tambaye ki har sau biyu.”

“A gaban manya ne, Madam. Ba a faɗa.”

“Na sani. Wadda ta cuce ni bara ma haka ta ce.” Ta sauke numfashi, na ga alamar tana so ta yarda. “Bari in tambayi direba, ai yana yawan zuwa unguwarku.”

Kafin in ce kada, ta aika an kira shi. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya ga yarinyar, ya gan ni, ko gezau. Ya rusuna.

“Yusha'u, ka san gidan su Safara'u. Wannan 'yarta ce?”

Ya sosa ƙeya kamar mai tsoron Allah. “Ranki ya daɗe, ba na so in ɗauki alhakin kowa. Ni dai tunda nake zuwa gidan, a hannun tsohuwa nake ganinta. Kuma ban taɓa jin Safara'u ta kira ta 'yarta ba.”

Ko kalma ɗaya ba ƙarya a ciki, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. Na buɗe baki zan yi masa ta tas, Madam ta ɗaga mini hannu.

“Ya isa. Manya kowa da abin da yake karewa. Yaro ba ya ƙarya.”

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko biskit, ta zagayo ta tsuguna a gaban yarinyar har siket ɗinta na taɓa ƙasa. Muryarta ta yi laushi.

“Rahmatu, karɓi. Yauwa, yarinyar kirki. Gaya mini, wace ce wannan?” Ta nuna ni.

Rahmatu ta ɗaga kai ta dube ni, ta yi mini murmushin nan nata mai wushirya, irin ta Audi sak.

“Yaya ce.”

Haka aka koya mata tun ranar da ta fara haɗa kalma, gidan gaba ɗaya, don kada a ji kunya.

“Yaya ce?” in ji Madam a hankali. “To ina mamanki?”

“Tana gida tana ƙosai.”

Madam ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta mayar da gilashinta. Ba ta ko dube ni ba, ta leƙa baranda ta ce wadda ke biye ta shigo. Yusha'u ya matsa gefe ya riƙe wa matar ƙofa da ladabi.

Rahmatu ta ja bakin zanina da hannun da ba biskit.

“Yaya, mu tafi gida wajen Inna.”